Ɓawon Ƙwai a Ɗakin Yaya

Akwai wani tela da kowa a layinsu ke kira Auta. Shi ne na ƙarshe a ɗakinsu, sunan kuma ya bi shi har furfura ta fito masa a gemu. Mutum ne mai neman na kansa, sai dai yana da hannun jarirai. Abin da ya shiga tafinsa ba ya fita da daɗin rai.

A bayan gidansa ya haɗa keji da waya da tsofaffin kwanon rufi, ya zuba kaji masu ƙwai. Da farko abincin buhu yake saya musu, wanda aka haɗa musamman don masu ƙwai, su kuma suna saka masa kullum. Wata rana ya tsaya yana kallon yadda buhun ke tafiya, ya ce a ransa, "Kaza ce fa. Ina ta san bambanci?"

Sai ya fara gauraya abincin da dusa. Yau rabi da rabi, gobe dusa ta rinjaya, har ya zama dusa zalla. Ita ma ɗin auna ta yake kamar magani.

A gidan akwai yayarsa, wadda ta dawo wurinsa bayan rasuwar mijinta. Ita ta goya shi yana ƙarami, yaransa kuma Gwaggo suke kiranta. Ta taɓa ce masa, "Auta, dusa kaɗai ba ta riƙe kaza mai ƙwai."

Ya yi dariya. "Yaya, ke dai ki huta. Kajina ne, na san cikinsu."

Ba ta ƙara tanka masa ba. Ta san a gidan ƙaninta take zaune, ba ta son a ce ta cika sa baki.

Ba a jima ba ƙwai ya fara raguwa. Auta zai shiga keji da kwano ya fito da abin da bai taka kara ya karya ba. Bai taɓa zargin dusarsa ba, kai tsaye ya yanke cewa ɓarawo ne. Da ya sa ido, sai ya lura kullum da sassafe Yaya na shiga kejin da wani abu a ƙarƙashin mayafi.

Ran nan ta fita gaishe da mara lafiya, ya shiga ɗakinta ya duba ƙarƙashin gado. Ya jawo wata leda cike da ɓawon ƙwai.

Da ta dawo, maƙwabta mata na ɗibar ruwa a famfon tsakar gidan, matarsa na wanki, yara na wasa. A gabansu duka ya zazzage ledar a ƙafafunta.

"Ina ta neman ɓarawo a waje, ashe a cikin gida yake kwana!"

Yaya ta dubi ɓawon, ta dube shi. "Auta, ni?"

"Ci da sha me na rage miki? In ƙwai kike marmari ba sai ki tambaya ba?"

Ta buɗe baki za ta yi magana, ya ɗaga mata hannu. "Ba na son jin komai."

Matarsa ta ce, "Baban yara, ka bi a hankali." Ko kallonta bai yi ba. Washegari Yaya ta ɗaure kayanta ta koma wurin 'yarta, a ɗaki ɗaya na haya. Shi kuwa gogan naku ya sayo kwaɗo ya garƙame keji, ya ce yanzu za a ga ƙwai.

Aka kuwa gani. Ƙwan da ake samu ya ƙara raguwa, wanda aka samu kuma ɓawonsa laushi, kana taɓawa ya fashe. Kaji suka rame, suna figar gashin juna.

Wata safiya yana tsaye a bakin keji, wata kaza ta saka ƙwai. Kafin ya buɗe kwaɗon, sauran sun yi kansa. Suka fasa, suka shanye, suka tsince ɓawon tas. Nan Auta ya ga inda ƙwansa ke tafiya. Amma zuciya da taurin kai, sai ya ce wa kansa, "To ɓawon da na gani a ɗakinta fa?"

Da wannan tunanin ya fito zai tafi shago. Mai shayin bakin layi ya ƙwala masa kira, yana miƙo wata ƙatuwar leda.

"Auta, ina Gwaggo? Kwana biyu ba ta leƙo ba. Ga ɓawon da nake tara mata, har ya cika min wuri."

"Wane ɓawo?"

"Na ƙwan da nake soyawa mana. Wankewa take yi, ta shanya, ta daka, ta zuba wa kajinka a abinci. Ta ce dusa ba ta isarsu, shi ya sa suke cin ƙwansu. Ta ma ce kar in gaya maka, wai kada ka ga kamar ta raina ƙoƙarinka."

Benci cike yake da mutane, kuma babu wanda bai ji abin da ya faru a gidan ba. Kowa ya sunkuyar da kai cikin kofinsa. Auta ya karɓi ledar, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Ranar bai buɗe shago ba. Ya je wurin mai sayar da abincin kaji, ya yi tambayar da ya kamata ya yi tun farko. Mutumin ya ce, "Kowace kaza ka ba ta kamar cikin gwangwanin madara na abincin masu ƙwai a rana, rabi da safe, rabi da yamma, ruwa kuma kar ya yanke. Dusa ƙari ce kawai. Ɓawon ƙwai daga jikin kaza yake fita, in ba ka mayar mata ba, a ƙwanta za ta nema."

Daga nan ya wuce ɗakin 'yar yayarsa. Ya tarar da Yaya zaune a tabarma, kayanta na nan a ƙulle a lungu don babu inda za a sa su. Ya durƙusa a bakin ƙofa, ya kasa haɗa ido da ita.

"Yaya, na zalunce ki."

Ta ce, "Na yafe maka tun ranar. Amma a gaban yaranka ka kira ni ɓarauniya. Ba na son su girma da wannan a ransu."

Da yamma ya tara yaran, da matarsa, da matan da suka ɗebi ruwa ranar. Ya faɗi komai da bakinsa. Ya ce shi ne ya hana kaji abinci, Gwaggo kuwa rufa masa asiri take yi.

Yaya ta dawo gidan. Kaji suka murmure, ƙwai ya dawo. Tana wasa da yara, tana amsa gaisuwarsa da fara'a. Sai dai wata rana yana zaune a tsakar gida ta fito da kofi a hannu, ta tsaya a gaban randa, ta juyo ta ce, "Auta, in ɗebi ruwa?"

Yayar da ta goya shi ce yau take neman izininsa kafin ta sha ruwa. Ya rufe fuska da hannuwa biyu, hawaye na bi ta tsakanin yatsunsa.

Darasi: Kafin ka nuna wani da yatsa, fara duba abin da kai ka tauye. Dabbar da kake jiran amfaninta ka ba ta haƙƙinta, ɗan'uwanka kuma ka saurare shi kafin ka yanke masa hukunci. Ana yafe zargi, amma sakin jikin da ya kora ba lallai ya dawo ba. Ku tura wa 'yan'uwa wannan labari, wataƙila ya riƙe harshen wani a yau.