Zaren da ba shi da saiwa

Akwai wata malamar makaranta da ƙannenta ke kira Ai-na-sani, don ba ta barin mutum ya kai ƙarshen magana. Mahaifinta ya rasu ya bar mata lambu a bayan gida: lemun tsami uku da ya dasa da hannunsa, da na'a-na'a a gindin famfo.

Wata rana tana dawowa daga aiki ta ga wani abu rawaya ya lulluɓe shinge a bakin hanya, siriri kamar zaren ɗinki. Ya ba ta sha'awa. Ta tsinko ta rataya a reshen lemun tsakiya don ado.

Gwaggonta, wadda idonta ya yi rauni, ta lalube shi da yatsu. Ta bi shi sama, ta bi shi ƙasa, sannan ta tambayi inda saiwarsa take. Malamar ta ce ba shi da ita, ko ganye babu, ai kyansa ke nan.

Gwaggo ta janye hannu ta goge a zaninta.

"'Yar nan, abin da ba saiwa ba ganye kuma yana girma, jinin wani yake sha. Cire shi yau ki ƙona."

Malamar ta yi dariya, ta ce gwaggo ko igiyar shanya ta taɓa sai ta ce maciji ne.

Kafin wata biyu zaren ya naɗe bishiyar tun daga kai. Ganye ya fara kaɗewa. Furen da ya fito ya zube bai ƙulla ba. Kullum da safe sai ta tarar ya miƙa wani sabon hannu yana laluben reshe na gaba.

Kunya ta hana ta tambayar kowa. Ta faki ido ta yi ta fizgarsa tana watsarwa bayan katanga. Da ta duba reshen da kyau, sai ta ga ya kafa ƙananan bakuna cikin ɓawon, kamar kaska a kunnen kare. Duk inda guntu ya rage, nan ya sake tohowa.

Da mai gyaran lambu ya zo, zaren ya riga ya kama sauran bishiyoyin. Zagaye ɗaya ya yi ya ce biyu sai sara da wuta, ta ukun kuma sai abin da Allah ya yi. Tana tsaye aka sare dashen mahaifinta. Gwaggo ruwa kawai ta miƙa mata.

Mai gyaran yana haɗa kayansa ya leƙa bayan katanga, ya kira ta ta gani. Maƙwabcinta dashen itatuwa yake reno a wurin, da su yake ciyar da iyalinsa. Layi biyu sun riga sun yi rawaya.

Ta ɗauki mayafinta, ta nufi ƙofar maƙwabcin.

Darasi: Tsiron da ba ka sani ba, tambaya kafin ka kai shi gida. Girman kai ba ya tsayawa a kan mai shi, har maƙwabci yake shafa. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila wani na gab da tsinko nasa.