Wayar da Ta Ce Ba Komai

Ku matso ku ji, amma duk wanda ya ji sai ya yanke hukunci.

A wani kamfanin kifi, al'ada ce kafin a rufe ɗakin sanyi a leƙa a ɗaga murya: "Akwai mai rai?" Sai aka kawo manaja mai tsawa, ya ninka aiki, ya ce surutu ɓata lokaci ne. Gaisuwa ta mutu, kiran nan ma ya bi ta. Kowa ka tambaya, ko jini yake zubarwa, amsarsa ɗaya: "Ba komai."

Wata Juma'a da rana ana rige-rigen tashi, wayar teburin Lantana, mai karɓar oda, ta yi ƙara. Layin ɗakin sanyi ne, wanda ɓeraye suka cinye tun bara. Ta ɗaga. Wata murya can ƙasa, kamar daga rijiya, ta ce, "Ba komai." Sanyi ya ratsa kunnenta. Lantana kuwa ta san a gidan nan mai faɗin haka yana cikin wahala. Tsoro biyu ya kama ta, na muryar da na manaja, amma ta bar teburin ta bi ma'aikata tana tambayar wa ya ɓace. Babu wanda ya ɗago kai.

Sai Barau mai gadi, tsoho mai taurin kai da ya ƙi daina gaishe da mutane ko ba a amsa masa. Ya ce, "Malama, kowa na yi wa sai anjima, ban da Tanimu lebura. Bai fito ba."

Sabo mai kula da ɗakin sanyin ya ji. Shi ya ja ƙofar ya datse kwaɗo bai yi kira ba, manaja kuma ya tafi masallaci da mabuɗin. Ya ɗauko guduma ya farfasa kwaɗon, yana sane aikinsa ya ƙare, ya saɓo Tanimu a sandare ya fito da shi rana.

Da Tanimu ya farfaɗo, Lantana ta tambaye shi yadda ya buga wayar. Ya dube ta ya ce, "Yaya Lantana, ashe akwai waya a ciki?"

Wanda ya buga wayar, ku bar shi inda yake, ba ya cikin shari'armu. Amma tsakanin Lantana da ta gane kukan, da Barau da ya san wanda ya ɓace, da Sabo da ya rufe kuma ya fasa, wa Tanimu zai fara yi wa godiya?