Ƙofa Biyu, Fili Ɗaya

Akwai wani bawan Allah, Aubrey Pennick, kyaftin ɗin ƙungiyar kurket (wasan ƙwallo da sanda) ta gundumarsu a Ingila. Ɗan gidan manya ne, ba ya karɓar albashi, don sha'awa yake wasa. Sauran goman kuwa da wasan suke ci.

To, ka'ida ce: ɗakinsa daban, teburinsa daban, ƙofar da yake shiga fili ma daban. Shekara goma sha huɗu yana ɗaura takalmi shi kaɗai, yana jiyo dariyarsu ta bayan bango. Da ya leƙa sai kowa ya miƙe.

"Yallaɓai."

Shi ke nan hira ta mutu. Ya koma ya zauna da shayinsa.

Ran nan tsoho Wilf, mai jefa musu ƙwallo, zai yi wasansa na ƙarshe, gwiwa ta ƙi. Aubrey ya samu baffansa, shugaban kwamitin ƙungiyar.

"Baffa, yau dai ina so in fita tare da Wilf."

"Ta ƙofarsu? Kana taka ta, gobe ba kai ne kyaftin ba. Kakanka bai yi ba, ubanka bai yi ba."

Aubrey bai san wata rayuwa ba sai wannan. Aka kaɗa ƙararrawar fara wasa, ya tsaya a bakin ƙofarsa. Baffa na kallonsa daga sama.

Sai kawai ya juya, ya gangara ƙarƙashin rumfar 'yan kallo inda sauran suke layi.

Wilf ya dube shi. "Yallaɓai, ɓatan hanya ka yi?"

"Matsa min, tsoho."

"To sunkuya, ƙofarmu ba a yi ta don dogaye ba."

Bai sunkuya da kyau ba. Ƙum! Goshi ya daki katako, hula ta faɗi. Dariya ta ƙwace wa mutum goma, shi ma ya sa tasa har da hawaye.

Washegari aka sauke shi. Yana haɗa kaya sai ga Wilf yana ɗingishi.

"Aubrey, bar jakar nan. Shayi na hucewa, mun matsa maka a benci."

Darasi: Girman da zai raba ka da mutane kurkuku ne, ko da an shimfiɗa masa darduma. Sauko ka zauna da jama'a tun kana da dama. Ku tura wa 'yan'uwa su ma su karanta.