Sunan Wa Za a Sa wa Famfon Tsamiyar Dogo?

Ku gyara zama, jama'a, yau na zo muku da wadda za ku raba mini gardamarta.

A Tsamiyar Dogo rijiya ta ƙafe, mata suna ɗebo ruwan kududdufi, yara na ta gudawa. Gari ya yi karo-karo don haƙa famfon burtsatse, amma abin da aka tara bai kai ko'ina ba. Sai mai unguwa ya kira 'ya'yan marigayi Malam Isuhu su uku, da ke juya ɗan abin hannunsu a kasuwar hannun jari, ya ce, "'Ya'yana, ga amanar gari. Ku juya ta, ku ji tsoron Allah."

Babbarsu, Kubura, ita ce mai ido. Takan zauna da wayarta tana duba layuka biyu: ɗaya na matsakaicin farashin 'yan kwanaki, ɗaya na watanni. Ta daɗe tana jira, mutane har sun fara tsegumi. Ran nan layin kwanakin ya tsallake na watannin ya yi sama a kamfanoni biyu, masu saye kuma suka ƙaru. Ta ce, "Ƙofa ta buɗe." Ba don ita ba, da ba a san lokacin shiga ba.

Na tsakiya, Ɗahiru, shi ne mai bincike. Kamfanin da layinsa ya fi kyau, shi Kubura ta so. Ɗahiru ya tona asalinsa, ya tarar da bashin ruwa yake tafiya. Ya ce, "Yaya, ruwan da za a yi alwala da shi ba zai fito daga nan ba." Ranta ya ɓaci, amma suka sayi hannun jarin na biyun, wani mai sarrafa shinkafa. Kafin girbi, kamfanin farkon ya durƙushe, waɗanda suka bi shi suka tashi a tutar babu.

Autarsu, Lantana, ita ce mai sanin tsayawa. Farashi ya yi ta hawa, gari ya ɗauki murna, har ana cewa a bari ya ƙaru a gina asibiti ma. Ita kuwa tana kallon ma'aunin da ke nuna in saye ya yi zafi da yawa. Farashi na hawa, ma'aunin na sauka. Ta ce, "Dokin nan ya gaji, a sauka." Yayyenta suka ƙi. Ta je gaban mai unguwa da hawaye, ta ce in an yi asara a ɗora mata. Aka sayar. Ba a jima ba farashi ya gangaro ƙasa da inda suka saya.

Aka haƙa famfo. Ranar da ruwa ya ɓulɓulo, tsofaffi suka yi ta guɗa, yara suka jiƙe sharkaf. Mai unguwa ya ce za a kira famfon da sunan ɗaya daga cikinsu, don bakin mutane ba ya riƙe suna uku. Kowannensu ya nuna ɗan'uwansa. Dattawa suka kasu, har yau mai fentin da zai rubuta sunan na nan yana jira.

To, jama'a, mai ganin ƙofa, ko mai kauce wa rami, ko mai sanin lokacin sauka: sunan wa za a rubuta?