Wurin Tsallaka a Gaban Kango

Mai Kemis mutum ne mai ilimi da tsafta, wanda kantinsa na magani yake kallon babban titin unguwarmu. Aibinsa guda ne: duk abin da zai taɓa cinikinsa, ba ya ganin kowa a bayansa. Da ba shi ya bayyana wannan al'amari da bakinsa ba, da ban rubuta shi ba, domin ba a san ni da tsegumi ba.

Titin yana da faɗi, motoci kuma ba sa sassautawa. Da haɗurra suka yawaita, hukuma ta kira mazauna unguwa taro a zauren makaranta domin jin ra'ayinsu kafin a sake fasalinsa. Wata injiniya ta kafa taswirar titin a jikin allo, ta raba mana allurai masu jan kai.

"Kowa ya soka tasa a inda ya fi jin tsoron tsallakawa," in ji ta. "Inda suka fi taruwa, nan za mu sa fitilar ba da hannu da fararen layukan tsallakawa. Amma ku sani, za a hana ajiye mota a wurin."

Kafin a jima, ƙofar kantin Mai Kemis ta yi jawur a taswirar, domin nan ne ake sauka daga bas. Har yayarsa, dattijuwa mai ciwon gwiwa da ke zaune a ɗaya ɓangaren titin, ta dogara sanda ta zo ta soka tata.

"Auta, ka daina hararata," ta ce masa tana dariya. "Ni na goya ka, ba zan ji tsoron gemunka ba."

"Yaya, idan aka hana motoci tsayawa, wa zai shigo kantin?"

"Masu ƙafa, mana! Ko mu ba ma ciwo ne?"

Da aka fita shan iska, Mai Kemis ya tsaya shi kaɗai a zauren. Ya zare alluran ɗaya bayan ɗaya, ya mayar da su can gaba, daidai wani kango da aka yi watsi da gininsa tun da daɗewa. Injiniya ta dawo, ta ɗauki hoton allon, aka ci gaba da batun magudanar ruwa. Babu wanda ya sake dubawa.

A gaban kangon aka yi wurin tsallakawa. Fitila takan yi ja da tsakar rana, motoci su jeru su tsaya cik, babu mai wucewa, sai tagogin kangon baƙi ƙirin suna kallonsu. Direbobi suka riƙa kawar da kai idan sun iso wurin. Mutane kuwa suka ci gaba da ratsa motoci a gaban kantin, kamar da.

Wata safiya yayarsa ta fito karɓar maganinta. Kango ya yi wa gwiwarta nisa. Yana bayan gilashi yana kallo ta ɗaga masa hannu daga tsakiyar titi, sai ƙarar birki. Ba ta kai asibiti ba.

A wurin zaman makoki ya miƙe ya faɗi abin da ya aikata, babu wanda ya tambaye shi. Ya je ya roƙi hukuma a matso da fitilar, aka ce masa an kammala aiki, sai wani zagayen.

Har yau kantin a buɗe yake, amma ƙafa ta ɗauke. Kullum da rana tsaka za a gan shi a gaban kango cikin farar rigarsa ta aiki. Idan fitila ta ba motoci hannu, sai ya shiga gabansu, ya ɗaga tafin hannunsa, idonsa na bin wani abu da ke tafiya a hankali a kan fararen layukan.

"Ku dakata," yakan ce a natse. "Yaya ba ta gama tsallakewa ba."

Darasin a bayyane yake. Idan aka tara jama'a domin jin ra'ayinsu a kan abin da ya shafi rayukansu, muryar kowa amana ce a hannun ɗan'uwansa. Wanda ya karkatar da ita domin amfanin kansa, bai san a kan wa zai jawo masifar ba, kuma nadama ba ta dawo da wanda aka rasa.