Sandar Da Ta Yafe Wa Nomau Sau Uku

"Ga ta nan, ga ta nanku, tana bakin ƙofa tana sallama."

"Ta shigo mu ji ta!"

To, ku matso. Kai Talle, janye ƙafarka daga kan zanen yayarka, in ba haka ba na haɗiye abata.

Wani gari ne can bayan dutse, a zamanin da mutane da dabbobi ke gaisawa a hanya. A gefen garin akwai wani fili kore shar, inda ake wasan ƙwallon lambu, wanda 'yan birni ke ce wa golf. Kun san shi? Ina fa kuka san shi. 'Yar ƙwallo ce fara, ba ta kai ƙwan kaza ba. A ɗora ta kan ɗan tsinke, a make ta da sanda, a bi ta a ƙafa, a sake make ta, har ta faɗa wani ɗan rami. Shi ke nan wasan. Manya da gemunsu suna bin ƙwai a rana. Allah dai Ya bar kowa da abin da ke faranta masa rai.

A cikin masu zuwa filin akwai tsofaffi biyu, Nomau da Cindo. Nomau tsohon tela ne, Cindo tsohon ma'aikacin gidan waya. Ba gwanaye ba ne, sha'awa ce kawai. Duk safiya suna tare, tun raɓa ba ta bushe ba.

Shi Cindo idonsa ya tafi, shekara goma sha biyu ke nan. Nomau ne idonsa. Nomau zai kama kafaɗunsa ya daidaita shi, ya ɗora masa ƙwallo, ya ce, "Buga." Cindo ya buga, ƙwal! Nomau ya bi ta da kallo, ya ce, "Ta tafi, ta tafi, ta sauka gindin marke." Cindo ya yi dariya, ya dafa kafaɗar Nomau, su bi ta.

Amma in Nomau ya zo buga tasa, wayyo. A gaban wurin bugun farko akwai wani tafki mai faɗi. Nomau ya buga, tsundum. Ya sake bugawa, tsundum. Ya sake, tsundum. Mutanen da ke bayansu su yi ta jira, rana ta yi ta hawa, balbelu su yi ta dariya a kan ciyawa.

Sarkin Fili kuwa Gauraka ne, mai tukku a ka da agogo a ƙafa. Ba ya son jira. Ran nan ya duba agogonsa, ya duba Nomau, ya buga fiffike.

Ya ce, "Na gaji! Ranar Asabar kowa zai yi bugu ɗaya. Ɗaya tak. Wanda ƙwallonsa ta tsallake tafki, ya zauna. Wanda tasa ta faɗa ruwa, ya saɓi jakarsa, ba shi ba filin nan har abada."

Nomau ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, in aka kore ni, wa zai gani wa Cindo?"

Gauraka ya ce, "Marar ido ba ya shiga fili sai da abokin da ke gani masa. In ka fita, ya fita."

Kun ji fa. Shi Nomau in an kore shi ai da sauƙi, ya koma zaure ya yi ta ɗinkin hula. Amma Cindo ba shi da wurin zuwa a duniya sai filin nan. A nan kaɗai yake jin iska a fuskarsa, a nan kaɗai yake dariya.

Ranar Talata da sassafe Nomau ya je bakin tafki shi kaɗai. Ya zauna ya zuba tagumi. Hazo yana kwance a kan ruwa kamar auduga. Sai ruwa ya motsa, sai ga ido biyu, sai ga dogon baki. Iya Kada ce, uwar tafkin.

Ta ce, "Kai ne Nomau?"

Ya ce, "Ni ne, Iya."

Ta ce, "To sannu da aiki! Ka san ƙwallonka nawa ke ɗakina? Shekara da shekaru ina kwanci a kansu, ina zaton ƙwaina ne. Jiya ɗan autana ya leƙo shan hantsi, ka yi masa ƙulu a goshi. Me muka yi maka?"

Nomau ya ba ta haƙuri, ya ba ta labarin Gauraka da na Cindo. Yana faɗa hawaye na zuba.

Iya Kada ta dube shi. Ta nutse. Ta daɗe. Can ta taso da wata sanda a bakinta, sanda mai ƙaton kai kamar ƙoƙon shan fura, gansakuka ta lulluɓe ta.

Ta ce, "Ƙasan tafkin nan cike yake da sanduna. Duk wanda ya buga ya kuskure sai ya fusata, ya wurgo mana sandarsa, kamar ita ta yi laifin. Wannan shekararta arba'in a ƙasa. Ta sha ruwa, ta sha, ta sha, har kanta ya kumbura, fushin mai ita ya jiƙe ya narke. Yanzu ba abin da ta iya sai yafiya. Ko ta gefe ka daki ƙwallo, za ta miƙar da ita. Amma ka ji ni da kyau, sau uku za ta yafe maka. Uku. Ka adana su sai Asabar, mu ma mu huta."

Nomau ya yi godiya, ya goge sandar da bakin rigarsa, ya tafi.

Ranar Laraba ya je fili shi kaɗai, ya ce a ransa, "Kada dai kada ce. Ina ta san sanda? Bari in gwada sau ɗaya, ai saura biyu sun isa."

Ya ɗora ƙwallo, ya ɗaga sanda, ya sauke. Ta gefe ya dake ta, shi kansa ya ji a hannunsa. Amma sai ƙwallo ta tashi. Ta tashi a hankali, tana lilo, ta ratsa hazo, ta wuce tafki, ta sauka can a ciyawa ba ko ƙara. Sai sanda ta soma waƙa da 'yar siririyar murya:

"Nomau, Nomau, ka ɗaga kai,
Ido ya tafi ya bar hannu,
Na yafe maka, saura biyu."

Nomau ya ce, "Ni? Ban ɗaga ba."

Sanda ta ce, "Ka ɗaga."

Ya ce, "Wallahi ban ɗaga ba!"

Haka duk masu wasan nan suke, ku tambayi kowa. Ba a taɓa samun wanda ya yarda ya ɗaga kai ba.

Ranar Alhamis ya rantse ba zai taɓa sandar ba. Ya sa ta a jaka don kawai ta sha iska, ya sake zuwa fili shi kaɗai. Sai balbelu suka hango ta.

Suka ce, "Kai jama'a, ku zo ku ga Nomau ya ɗauko ludayi! Baba, fura za ka dama wa Iya Kada? A kawo nono?"

Ran tsoho ya ɓaci. Ya zaro sanda, ya ɗora ƙwallo, ya make ta da dukan ƙarfinsa, har hularsa ta faɗi. Wannan karon da gindin sandar ya same ta. Duk da haka ta tashi, ta yi sama, ta yi sama, ta shiga wani ɗan gajimare ta fito da raɓa a jikinta, ta sauka ƙetare. Balbelu suka yi tsit. Sanda ta ce:

"Nomau, Nomau, ka ɗaga kai,
Ido ya tafi ya bar hannu,
Na yafe maka, saura ɗaya."

Nomau ya ɗauki hularsa. Daɗin da ya ji bai kai shi gida ba, tun a hanya kunya ta kama shi.

Ranar Juma'a da hantsi ya naɗe sandar a tsumma, ya ɗaure da igiya ƙulli uku. Saura ɗaya, ta Asabar ce. Suka zo fili da Cindo kamar kullum.

Sai Cindo ya ce, "Nomau, gari ya ɗauka wai ƙwallonka ta shiga gajimare jiya. Shekara goma sha biyu ina jin tsundum ɗinka. Ko sau ɗaya ban taɓa jin ta tsallake ba. Buga mini in ji."

Nomau ya ce, "Bari sai gobe."

Cindo ya ce, "Gobe jama'a za su cika, surutu zai hana ni ji. Kuma wa ya san goben? Buga mini yau, abokina."

Nomau ya dubi fuskar Cindo, ya ga yadda ya karkata kunne yana murmushi kamar yaro ranar salla. Bakinsa ya kasa cewa a'a. Ya kwance ƙulli na ɗaya, ya kwance na biyu, ya kwance na uku. Ya buga. Ƙwallo ta tafi tana fito a iska, ta sauka ƙetare. Cindo ya yi ta tafi, yana cewa, "Na ji ta! Na ji ta!" Sanda kuwa ta yi ƙasa da murya, Nomau kaɗai ya ji:

"Nomau, Nomau, ka ɗaga kai,
Ido ya tafi ya bar hannu,
Na yafe maka, ta ƙare."

Nomau ya ce a hankali, "Na ɗaga. Na sani."

Asabar ta zo. Fili ya cika, mutane da dabbobi, kowa da jakarsa. Gauraka ya hau suri ya duba agogo. Aka yi ta bugu, aka yi ta tsallakewa. Nomau ya daidaita kafaɗun Cindo, ya ce, "Buga." Ƙwal! Ta Cindo ta tsallake.

Gauraka ya ce, "Saura Nomau."

Nomau ya ɗora ƙwallo, ta faɗo daga kan tsinke. Ya sake ɗorawa. Ya raɗa wa sanda, "Ko 'yar guntuwa ba ta rage ba?"

Sanda ta ce, "Ba ta rage ba. Kaina dai yana nan da faɗinsa, in ka same ni a tsakiya zan kai ta. Amma in ka ɗaga kai, ruwa za ta."

Sai Cindo ya ce, "Da wa kake magana?"

Ai kun san kunnen makaho. Nomau ya fashe da kuka, ya faɗa masa komai, tun daga Iya Kada har ƙulli uku. Ya ce, "Na cuce ka, Cindo. Ba na iya riƙe kaina. Da zarar sanda ta sauko, idona ya riga ya gudu sama neman ƙwallo."

Cindo ya ce, "To wa ya koya wa idon naka gudu? Ba ni ba ne? Shekara goma sha biyu yana gudu yana nemo mini ƙwallo, ya saba. Yau ka ba shi hutu. Ka ajiye shi a kan ƙwallo. In ta tafi, ka ci gaba da kallon wurin da ta tashi. Ni zan gani maka."

Nomau ya ce, "Da wane idon?"

Cindo ya ce, "Ina ruwanka? Na taɓa tambayar ka da wane ido kake gani mini? Kar ka ɗago sai na ce."

Ya juya wajen suri ya ce, "Ranka ya daɗe, a yi mana shiru."

Gauraka ya ɗaga fiffike. Fili ya yi tsit. Iska ta tsaya. Iya Kada ta leƙo da 'ya'yanta, kowanne ya kife ganyen bado a kansa.

Nomau ya sunkuya. Ya ga ƙwallo fara. Ya ga ɗigon raɓa a gefenta. Ya ga wata 'yar tururuwa tana hawan ciyawa. Ya ɗaga sanda, ya sauke.

Ƙwal!

Wuyansa ya so ya miƙe, ya danne shi. Ga tsinke ya faɗi, ga tururuwa tana ta hawanta. Sai ya ji muryar Cindo a bayansa.

"Ta tashi. Ta tashi sosai. Tana fito. Yanzu tana kan ruwa, fiton ya yi sanyi. Kar ka ɗago. Tana tafiya. Tana tafiya. Kar ka ɗago, na ce!"

Shiru. Nomau yana jiran tsundum. Yana jira. Yana jira.

Cindo ya ce, "Tim. Ƙasa ce wannan. Ɗago, tsoho."

Fili ya kaure da ihu. Balbelu suka tashi gaba ɗaya, sama ta yi fari fat. Gauraka ya manta da agogonsa, ya ce, "Tun da nake sarauta ban ga bugu irin wannan ba. Ku zauna, ku biyun." Iya Kada ta ce wa 'ya'yanta su cire ganye su sha hantsinsu.

Kowa ya ga bugun nan, ban da mutum biyu: wanda ya yi shi da wanda ya ba da labarinsa. Nomau ya share hawaye, ya ɗora hannun Cindo a kafaɗarsa, suka kama hanyar zagaya tafki.

Ya ce, "Cindo, yaya ta tafi? Faɗa mini."

Cindo ya faɗa masa.

Ya ce, "Sake faɗa mini."

Cindo ya ce, "Kai, ka cika fitina," ya sake faɗa masa, har suka isa inda take kwance a ciyawa, taku uku gaban ta Cindo.

Ƙurunƙus kan 'yar farar ƙwallo. In kun ce ƙarya ce, ga tafki can, ku je ku tambayi Iya Kada. Abin da nake so ku riƙe shi ne, yafiyar da ake yi maka tana da iyaka, kar ka ɓarnatar da ita wajen gwaji da burga. Kuma in ka daɗe kana ɗauke wa wani nauyi, ranar da ya ce kawo in ɗauke maka, ka miƙa masa. Talle, tashi ka naɗe tabarmar.