Ƙwaryar da Ba a Girgizawa

Na rantse ba za ku yarda ba, amma an yi wani sarki wanda ƙorafin talakawa ya ishe shi, domin duk lokacin zaɓen wakilan majalisa sai Galadima Jatau ya yanka unguwanni yadda ya ga dama, iyaka ta yi ta lanƙwasa kamar macijin da aka taka, masoyansa a dunƙule, maƙiyansa a warwatse. A garin nan kuwa, ko Waziri sai gundumarsa ta zaɓe shi yake zama majalisa.

Sarki ya kira Waziri Tanimu ya ce, "Ina son rabon da ko ni ban isa in karkatar da shi ba."

Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, a kafa ƙa'ida tun ba a san wanda za ta faɗa wa ba. A fara daga ƙofar gabas, gida bayan gida, kowane baligi a jefa masa ɗan tsamiya guda a ƙwarya. Inda ta cika, nan ne iyaka, a juye a sake. Sharaɗi ɗaya, ba a girgizawa."

Aka kama tafiya, Waziri na gaba da ƙwarya yana taƙama, har ta cika maƙil a gidan maƙwabcinsa. Danginsa kaf suka tsaya a gundumar baya, shi kuwa ya faɗa cikin marina, mutanen da bara ya sa aka cike musu karofi, wato ramukan rininsu, saboda wari.

Galadima ya matso ya raɗa masa, "Haba Waziri, ko mai awo a kasuwa tana girgiza mudu. Ɗan kaɗa ta, gidanka ya shige. Ni ban ga komai ba."

Waziri ya san in ya kaɗa yau, Galadima zai yi ta kaɗawa har abada. Amma kujera kujera ce. Hannunsa ya soma rawa, da ya ga rawar na neman yi masa aikin, sai ya yi maza ya dire ƙwaryar a ƙasa ya ce, "A kafa turke a nan."

Ranar zaɓe marina suka kayar da shi har da kiɗa. Sarkin marina ya durƙusa gaban Waziri da ladabi ya ce, "Ranka ya daɗe, yau kuma yaya warin?"

Sarki ya yi murmushi, ya yafa wa Tanimu alkyabba, ya naɗa shi alƙalin iyakoki muddin ransa. Sannan ya ce wa fadawa, "Ba a sanin adalcin ma'auni sai ranar da ya auna mai riƙe da shi."